Yadda Agwagwar Fim Ta Koyi Magana a Takarda

Ku saurari wannan muryar. Kun gane abin da yake faɗi? Ni ma ban gane ba. Donald Duck ke nan, toron agwagwar kamfanin Disney, wanda ya fara fitowa a fim a Amurka a 1934. Clarence Nash ne ke yi masa murya a wancan lokaci, kuma rabin dariyar a muryar take: ya fusata, ya yi tsalle, ya yi ta kwakwazo ba a jin ko kalma. Kamar Gizo ne da tsamin bakinsa. A bakin kaka da dare yake ba da dariya, in an rubuta shi sai armashin ya ragu.

To matsalar da masu buga littattafan zane suka ci karo da ita ke nan. Takarda ba ta da murya.

A shekarun 1940 kamfanin Dell ya riƙa buga dabbobin finafinai a ƙananan littattafai, kowanne senti 10. Mujallar Disney ta wata-wata ta fara a 1940, ta su Bugs Bunny a 1941, Tom da Jerry kuma suka shigo a 1942. Yawancinsu bin sawun fim suke yi: a kora, a faɗi, a tashi.

Ku dubi bangon wannan littafin, na 1942. Labarin Donald ne yana neman zinaren 'yan fashin teku, shafi 64. Abin da zai ba ku mamaki, fim ɗin da aka ɗauko shi daga ciki ba a taɓa yin sa ba. An tsara labarin a Disney, aka ajiye, sai aka miƙa wa ma'aikata biyu su mai da shi littafi, kowa ya zana rabi. Ɗaya Jack Hannah. Ɗayan Carl Barks.

Barks ɗan ƙauye ne daga jihar Oregon, haifaffen 1901. Ya shiga Disney a 1935, ya bar aikin a 1942, ya koma garin San Jacinto a jihar California da niyyar kiwon kaji. Kaji ba su karɓe shi ba, agwagwa ta karɓe shi. Daga 1943 ya fara zana labaran Donald masu shafi 10 kusan kowane wata.

A nan ne abin ya sauya. Tunda ba murya, dole Donald ya yi maganar da za a karanta, kuma wanda zai yi magana sai yana da abin faɗi. Sai Barks ya mai da shi talaka mai neman na tuwo: yau ya sami aiki, gobe an kore shi, ga girman kai, ga rashin sa'a, ga 'ya'yan 'yar'uwarsa uku da yake riƙo, waɗanda sau da yawa sun fi shi hankali. Ya gina musu gari, Duckburg. A Disambar 1947 ya kawo musu kawu, Scrooge, attajirin da ya fi kowa rowa, wanda daga baya aka ga yana ninƙaya cikin rumbun kuɗinsa kamar kifi a tafki. A ganina, duk finafinan Donald na wancan zamani ba wanda ya kamo ƙafar waɗannan shafuka.

Yara sun shaida. A farkon shekarun 1950 mujallar Disney ta wata-wata, wadda ke ɗauke da labaran Barks, tana sayar da kwafi sama da miliyan 3 a wata. Ta ƙetara Turai ma: Suwidin a 1948, Finlan da Jamus a 1951.

Amma ku duba kusurwar bangon. Sunan Walt Disney kaɗai za ku gani. Ba a sa sunan mai zane. Masu karatu dai sun lura akwai wani hannu da ya fita daban, suna kiran sa "mai zanen agwagwa na ƙwarai" ba su san ko waye ba. Sai wajen 1960 wasu masoya suka binciko sunansa suka rubuta masa wasiƙa.

Barks ya yi ritaya a 1966, bayan labarai kusan 500. A 1987 Disney ta koma ta ɗebi Scrooge da garinsa daga takarda, ta yi shirin talabijin na DuckTales. Lokacin Barks yana da shekara 86.