Hakin Mai Ciwon Hanta: A Duba Zuciya Kafin a Sayar da Fili

Assalamu alaikum warahmatullah. Mutanen Kano, ina yini, ya gida, ya iyali? Daga nan Ingila nake gaishe ku. Yanzu na taso daga aiki, ko kayan asibitin ban cire ba na kunna waya, saboda maganar yau ta tsaya min a rai. Waɗanda suka saba kallona sun san ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon zuciya. To yau maganar hanta za mu yi, da yadda ciwonta yake zagayawa ya kama huhu, daga huhun kuma ya gajiyar da zuciya.

Ciwon hanta ba baƙonmu ba ne. Da wuya ka sami unguwar da ba a taɓa jinyar wanda cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi shawara, jiki ya zube ba. Babban binciken lafiya da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Mafi yawa ba su ma sani ba, sai bayan shekaru hantar ta cika da tabo, ta ƙandare, ta tsuke. Jinin da ya fito daga hanji da saifa kuwa dole ta cikin hanta yake bi kafin ya koma zuciya. In ta ƙandare sai hanya ta ƙuntata, jini ya taru a baya, matsinsa ya hau. Daga nan ake samun ruwa a ciki, da kumburin saifa, da aman jinin nan mai tayar da gida tsakar dare.

Wannan duk an saba ji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, jinin da ya rasa hanya yakan nemi wasu ƙananan jijiyoyi ya kewaye hantar, ya isa huhu ba tare da an tace shi ba. Likitoci na ganin abubuwan da yake kwasowa, tare da yawan jinin da ke ta dukan bangon jijiyoyin, su ke sa ƙananan jijiyoyin huhu su yi kauri su matse. Ɓangaren dama na zuciya shi ke tura jini cikin huhu, kuma Allah bai halicce shi da kaurin nama irin na hagu ba. Kamar injin ban ruwa ne da aka take masa tiyo: zai yi ta ƙugi yana turawa, ya yi zafi, wata rana ya gaza. Tun 1951 aka fara rubuta wannan cutar ta hawan jinin huhu a littattafan likitanci, kuma cikin mutum 100 masu irin wannan matsin jini na hanta, ana samunta a jikin kamar 2 zuwa 6. An fi ganinta ga mata. Wani abin kuma, ba sai hanta ta yi mummunan lalacewa ba, wanda ciwonsa bai yi nisa ba ma tana iya kama shi.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tana nan cikin birni, ta jima tana fama da hanta. Mace ce mai kazar-kazar, ita ke tuƙa tuwon gidan biki. Sai ya zama daga ɗakinta zuwa zaure sai ta tsaya ta dafa bango. In ta ɗago daga ruku'u jiri ya kwashe ta, har ta koma sallah a zaune. Ranar da muka yi waya ta bidiyo na ce, "Gwaggo, ki karanta min Fatiha in ji." Wallahi ba ta kai ƙarshe ba sai da ta tsaya ta ja numfashi, ina kallon jijiyar wuyanta ta miƙe ta cika, tana harbawa. Na ce da ɗanta, "Yaya, an duba zuciyarta kuwa?" Ya ce, "Ai mun kai ta kemis an auna, ba ta da hawan jini, nata ma ƙasa yake."

Ku tsaya nan, don nan ne ake yin asara. Kun ga wannan abin awon da na ɗaga? Wanda ake ɗaurawa a damtse. Matsin jinin jiki yake aunawa, ba shi da labarin abin da ke faruwa a cikin huhu. Masu ƙandararriyar hanta ma galibi awonsu na damtse ƙasa-ƙasa yake fitowa, alhali can ciki jijiyoyin huhu sun ɗaure tamau. Sai a ce asma ce a sayo abin shaƙa, ko a ce sanyi ne ya kama ƙirji a dafa sassaƙe. Ko a asibiti ma hakin mai ciwon hanta yana da dalilai da yawa da suka fi saurin zuwa a rai: ruwan ciki ya danne huhu, ko jini ya yi ƙaranci, ko ruwa ya taru a ƙirji. Duk gaskiya ne, suna faruwa. Amma in an zuƙe ruwan, an ƙara jinin, haki yana nan, ko mutum ya fara suma in ya motsa jiki, ko ƙirji na ciwo, to a nemi hoton zuciya, wanda ake ce wa eko.

Eko ba tiyata ba ce. Irin na'urar da ake duba mai ciki ce, a shafa mai a ƙirji a ɗora, cikin ɗan lokaci an gama. Ana yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitocin kuɗi a gari. Ku ce wa likita a fili, cikin ladabi, "Likita, don Allah a duba mana ɓangaren dama da matsin jinin huhu." In eko ya nuna alama, gwajin da ke tabbatarwa shi ne a zura siririn bututu ta jijiyar wuya ko ta cinya har cikin zuciya a auna kai tsaye, kuma ba ko'ina ake yin sa ba. Awon matsin jinin huhu na lafiyayyen mutum ba ya wuce 20. Da can sai ya kai 25 ake kiransa cuta, a 2022 ƙungiyoyin likitocin zuciya da huhu na Turai suka sauko da iyakar zuwa abin da ya haura 20.

Abin da ya sa na dage kan wannan hoton shi ne dashen hanta. Mutanenmu Indiya ko Masar suke nufa, kuma kun san yadda ake haɗa kuɗin: a sayar da fili, a sayar da gwal ɗin mata, dangi su yi karo-karo. Gidan Gwaggo ma har an fara yi wa filin gado kuɗi. To a can babu likitan kirki da zai taɓa mutum bai duba huhunsa ba. Wani nazari da likitocin Mayo Clinic ta Amurka suka fitar a 2000 ya nuna waɗanda awonsu ya kai 50 aka yi musu dashe, babu wanda ya tsira cikinsu. Sabuwar hanta na sako jini da yawa lokaci guda, zuciyar da ta riga ta gaji ba ta iya ɗauka. Shi ya sa in awon ya kai 35 ake fara ba da magani a sauko da shi tukuna. Ka ga mutum ya biya jirgi, ya kama masauki, a ce masa ya koma sai bayan watanni, kan abin da za a iya hangowa tun daga Kano. Ita Gwaggo da aka yi mata eko an ga ɓangaren dama ya buɗe, aka dakatar da maganar tafiya, yanzu tana hannun likitan zuciya da na hanta tare.

Magani akwai, alhamdulillahi. Akwai masu buɗe jijiyoyin huhu irin su sildenafil da tadalafil da ambrisentan da macitentan. Na farkon shi ne sinadarin da maza suka sani da wata manufa daban, kuma ina roƙonku kada wannan ya sa wani ya je kemis ya sayo wa mara lafiya da kansa, don yana iya faɗar da jini ya jawo suma. Akwai kuma propranolol da ake ba masu hanta don kare aman jini. Yana iya ƙara wa mai wannan cutar nauyi, amma kada a daina shi haka kawai, likita ne zai auna wanne haɗarin ya fi.

Sai 'yan uwanmu na wajen Kura da Kadawa da duk inda ruwan madatsar Tiga ke ratsawa. Tsargiya ba ta fitsarin jini kaɗai ba ce, akwai irin da ke zama a jijiyoyin hanji, ƙwayayenta su maƙale a hanta, wasu su wuce har huhu. Tana cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jinin huhu a duniya. In an zo rabon maganinta, praziquantel, a makarantu, ku bar yara su sha.

Masu jego kuma, allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tana cikin alluran yara a Najeriya tun 2004, kuma ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta. Ko a gida aka haihu, a naɗe jariri a kai shi asibiti ranar, kada a ce sai an yi suna. Wanzamin da zai yi aski ko kaciya, a saya masa sabuwar reza.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan nuna muku yadda ake karanta takardar gwajin hanta, layi-layi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ku sa Gwaggo a addu'a. Sai mun haɗu.