Ranar aikinka a ajin ɗanka: laccar da aka yi wa iyaye a Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum. Iyayena mata na can baya kuna ji na? To a ɗan rufe tagar nan, iskar Jos ba ta san an zo lacca ba. Abu huɗu zan faɗa in Allah Ya yarda, in na wuce lokaci shugaba ya ɗaga min hannu.

Kafin na farkon, mu fahimci irin makarantar da muka sa ƴaƴanmu. Wannan nazire ce ta gama kai, babu wani mai makaranta da zai tara kuɗin zango ya je ya sayi fili a Rayfield, ku ne masu ita, ku kuka ɗauki malamai, ku kuke biyansu, in rufin ajin ya yi yoyo kan ku yake zuba. Kuma ba mu muka fara ba. Tun 1916 matan malaman Jami'ar Shikago a Amurka suka haɗu suka buɗe irinta, suna karɓa-karɓa wajen kula da yaran. A Italiya kuma, a 1945 yaƙin duniya na biyu na ƙarewa, mutanen wani ƙauye kusa da Rejiyo Emiliya suka sayar da tankar yaƙi da dawakai da manyan motocin da sojojin Jamus suka gudu suka bari, suka gina wa ƙananan yaransu makaranta da hannunsu, da tubalin gidajen da bam ya rushe. Wani malami Loris Malaguzzi ya ji labari ya hau keke ya je ya gani da idonsa, daga nan bai rabu da su ba, yau har daga wasu ƙasashe ake zuwa koyon tsarinsu. Mu nan ai mun san gayya, wanda ya aiko da goro bai zo da fartanya ba ba a cewa ya yi noma.

To na farko, ranar aiki. Kowane gida yana da ranar da zai turo mutum ɗaya ya shiga aji ya taya malama, daga buɗewa zuwa tashi. Nan ne zan daɗe, ku yi haƙuri, domin nan ne makarantar take tsayawa ko ta faɗi. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce a ajin nazire malami ɗaya yara 25. Don Allah wanda ya taɓa zama da yara 25 ƴan shekara uku shi kaɗai ya ɗaga hannu. Babu. Wannan zai ce fitsari, kafin malama ta kai shi kan fo wancan ya cusa murfin biro a baki, wata ta cire takalmi tana kuka wai an zauna mata a tabarma, ɗaya kuma ya lallaɓa yana neman ƙofa. Ido biyu ba sa isa. Ranar da mai aiki bai zo ba, malama ba koyarwa take ba, gadi take.

Me za ka yi in ka zo? Ba a ce ka riƙe alli ba, koyarwa ta malama ce. Kai ka iso kafin yara, ka duba tsakar makaranta ko akwai fasasshiyar kwalba ko ƙusa, ka cika bokitin wanke hannu ka ajiye sabulu. Lokacin cin abinci ka tsaya a kan layi, hannu ɗaya bayan ɗaya, har tsakanin yatsu, sannan ka zauna ƙasa tare da su ka buɗe musu kula, ka lura wa ya zo da kunu da ƙosai, wa ya zo da soyayyen dankali, wa kuma kularsa ba komai sai ya juya baya yana kallon bango don kada a gani. Wannan yaron ka raɗa wa malama a kunne, ita kaɗai. A lokacin sanyin nan na Disamba da Janairu ka duba wa aka turo ba rigar sanyi, wa hancinsa ke zuba, wa ke tari. Aikin kenan, ƙanana ne amma ba mai yinsu sai wanda ya zo.

Sai abin da ya fi wa iyaye wuya: ɗanka yana cikin ajin. Zai liƙe maka a ƙafa, zai ce babana ne kar kowa ya taɓa shi. Ka rungume shi ka ce masa yau ni baban kowa ne. In suka yi rigima da wani kan mota ta roba, kada ka yanke hukunci, kira malama. Na sha gani uwa ta zo aiki, ɗanta ya ƙwace abin wani, ta ce ai wasa suke, da aka ƙwace nasa kuma ta tashi tsaye. (Dariya.) Kuna dariya saboda kowa ya san wata, ba wanda ya san kansa. Kuma ba duka, ba zagi, ba "ɗan banza", ko naka ne, domin sauran yaran suna kallo kuma ba za su gane cewa naka ne shi ya sa ba, tsoron ajin kawai zai shige su.

Har yanzu ina kan na farkon ko? To bari in ƙara ɗaya a ciki, amana. Abin da ka gani a aji ya tsaya a aji. Ɗan wance har yanzu yana fitsari a wando, ƴar wane ba ta magana sosai, wannan kada ya fita zuwa gidan suna ko guruf ɗin WhatsApp. Kuma kar a ɗauki hoton ɗan wani a sa a sitatus ba da izinin iyayensa ba. Wallahi magana ɗaya irin wannan tana raba gida biyu, a cire yaro daga makaranta, kuma yaron bai san laifin da ya yi ba.

Maza, ina kallonku. Takardar ranar aiki in ka duba kusan duk sunayen mata ne. Alhaji ka ce kana shago a Taminus, na yarda, amma in ɗaurin aure ne a Bauchi ai rufe shagon kake tun safe. Yaron da ya ga babansa ya durƙusa yana ɗaura wa wani yaro igiyar takalmi, akwai abin da ya koya da malama ba za ta iya rubuta masa a allo ba.

Na biyu, kwamitoci, da sauri. Akwai na kuɗi, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a kowane taro, da rasit. Akwai na gyara, kafinta da birkila da mai walda duk muna da su a cikinmu. Na uku... a'a tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata tana cikin na biyun. To na ukun shi ne taro, ku zo, wanda bai zo ba aka ƙara kuɗin zango kar ya tare shugaba a masallaci. Katin rigakafi kuma kowa ya kawo kwafi, ƙyanda in ta shiga aji ɗaya ba ta tsayawa kan yaro ɗaya. Na huɗu...

Na'am Hajiya? A miƙa mata makirfon.

(Wata uwa ta ce ita kayan gwari take sayarwa a Farin Gada, tun asuba take fita tarar mota, maigidanta direba ne ba ya gari, ko za ta iya biyan kuɗi a madadin ranarta, ko ta turo yarinyar da ke taya ta aiki.)

Hajiya Allah Ya sa albarka a kasuwa, kuma na gode da kika faɗa a fili, na san ba ke kaɗai ba ce. Kuɗi dai ni ban goyi baya ba, in aka buɗe wannan ƙofar masu hali duk za su biya, a bar marasa hali da wanke fo, shikenan mun koma makarantar kuɗi. Yarinyar kuma shekararta nawa? Sha uku? A'a Hajiya, ita ma aji ya kamata a same ta da safe, ba za mu ɗora mata ƴaƴan mutane ba. Amma kakar yaron tana gida? Tana da ƙarfi? To alhamdu lillahi, ai kaka ta fi mu duka, ta zo ta zauna kan tabarma ta yi musu gatanan gatanan ku, ta koya musu waƙar tafa-tafa, ta lura da mai kuka. Wanke-wanke da ɗaukar ruwa sai a haɗa ta da wata mai jini a jika. Ke kuma ranar da kasuwa ta yi sauƙi ki karɓi wankin tabarmi da tawul, ko sayayyar sabulu tunda kin fi mu sanin farashi. Sakatare rubuta, a sa Inna ranar Laraba, sannan duk mai irin matsalar Hajiya ya tsaya bayan an tashi mu zauna da takardar mu gyara ta yau ɗin nan kafin la'asar.