Kafin ka canza tsohon kuɗin Ailan, duba shekararsa

To jama'a assalamu alaikum, yau tsoffin silallan ƙasar Ailan ne a kan teburina, ku ɗauko sikelinku da maganaɗisu mu fara. Wannan mai kifi ita ce fataka, sule biyu kenan, iyayenmu sun san lissafin nan tun zamanin fam da sule. Mai doki sule biyu da sisi, mai bijimi sule ɗaya. Ni dai mai dokin nan ta fi burge ni wallahi, Percy Metcalfe ne ya zana su duka, aka fara buga su a 1928.

Yanzu ku juya bayanta, a'a, gabanta zan ce, inda garayar nan tasu take, nan shekara take. Daga 1928 zuwa 1943 waɗannan ukun kashi 75 cikin ɗari azurfa ne, sauran jan ƙarfe. Daga 1951 kuwa babu azurfa ko ɗigo, jan ƙarfe ne da nikel. To a nan na daɗe ina ruɗewa, na ɗauka sikeli zai raba min su, ashe nauyinsu ɗaya ne, fataka giram 11.3 ko ta azurfa ko wadda ba ta azurfa ba, kuma maganaɗisu ba ya kama ko ɗaya a cikinsu, don haka shekarar nan ita za ku duba, ku sake dubawa. Wanda maganaɗisu yake kamawa shi ne taro mai zomo da sisi mai kare na farkon nan, don su zallar nikel ne, farinsu kada ya yaudare ku.

Maganar canji, Babban Bankin Ailan a Dublin har yanzu yana karɓar tsohon fam ɗinsu tun da suka koma Yuro a 2002, Yuro ɗaya a kan fam 0.787564, amma abin da aka rubuta a jikin kuɗin shi ake biya. Fataka lissafinta bai wuce santi 13 ba, alhali azurfar cikin ta 1930 ta kai giram takwas da rabi, ka ga asara.

Idan Allah ya sa ka ga fataka ta 1943, kada ka goge ta da toka ko lemun tsami, yawancinsu narkar da su aka yi, masu tara tsoffin kuɗi nemanta suke ido rufe. Mai son na 1928 ina da 'yan kaɗan, ya yi min magana bayan shiri.