Mota ta ƙi tashi da sanyin safiya? Saurari ƙarar da take yi kafin ka kira bakanike

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Toh hunturu ya kankama, duk wanda ke zaune a Jos ya san yadda Disamba da Janairu suke, gari ne a kan tudu wajen mita 1,200 sama da teku, da asuba sanyi kan sauko kusa da digiri 10, ka fito za ka kai yara makaranta ka murɗa ki mota ta ce ba ta san zancen ba.

Abin da nake so ku fara riƙewa shi ne, sanyinmu bai kai na Rasha ko Kanada ba, ba ya daskarar da komai a inji. Lafiyayyar mota dole ta tashi a Jos. In ta ƙi, dama can akwai ciwo a jikinta, sanyi tona asiri kawai ya yi, kuma yawanci batir ne. Zafin bazara ne ke cinye batir a hankali, sai sanyi ya zo ya rage masa ƙarfi, ga baƙin mai ya yi kauri inji ya yi nauyin juyawa, wato an ƙara masa aiki a daidai lokacin da ba shi da ƙarfin.

Don haka kashe rediyo, kashe fitila da fanka, murɗa ki ka kasa kunne.

In ka ji tak-tak-tak da sauri, fitilun dashbod suna dusashewa, ko inji na juyawa da ƙyar, wannan batir ne. Amma don Allah kar ka ruga kasuwar Dilimi sayen sabo tukuna, buɗe bonet ka duba kan batir. Ka ga wannan farin garin da ya taru a nan, wani wuri har ya yi kore-kore? Shi ke tare wuta. Kama kan batirin ka girgiza, in ya motsa a hannunka toh ka samo matsalar. Kwance na baƙi tukuna, mai alamar ragewa, sannan na ja, wanke da ruwan zafi da ɗan bekin soda, goge da buroshin ƙarfe har ya yi ƙyalli, mayar da ja sannan baƙi, ɗaure tamau da sifana. Wallahi motoci da yawa a nan maganarsu ke ƙarewa, ba a kashe ko kwabo ba.

In kana da mitar auna wuta, kuma ina ba duk mai mota shawara ya mallaka don ba ta da wani tsada, auna batir mota na kashe. Cikakke zai ba ka wajen volt 12.6, in ka ga 12.2 ya sauka kusan rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kwanta. Sa wani ya murɗa ki kana kallo, in ya faɗi ƙasa da 10 batirin nan ya gaji. Bayan ta tashi sake aunawa, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 zuwa 14.5, in bai kai ba altaneto ne, wato na'urar da ke cajin batir, ba ya caji, ko ka sa sabon batir haka zai shanye shi. Sannan wannan ɗabi'a ta cire kan batir inji na aiki wai ana gwada altaneto, ku daina, a motocin yanzu tana iya ƙona biren bos, wato kwamfutar mota, kuɗinsa kuwa ya ninka na batir.

Yanzu batun haɗa waya da motar maƙwabci don a tayar da taka, a nan mutane ke ganganci. Jan waya a kan ja na mataccen batir, ɗaya bakin a kan ja na mai rai, baƙar waya a kan baƙi na mai rai, bakin ƙarshe kuma a maƙala shi jikin ƙarfen injin motarka nesa da batir, saboda batir na fitar da iskar da tartsatsi kan iya kunnawa. Bar motar maƙwabcin ta yi aiki kamar minti 5 sannan ka gwada. In ta tashi cire wayoyin daga na ƙarshe zuwa na farko, kuma kar ka kashe ta nan take, yi tafiyar kamar minti 30 da ita. Turi kuwa na mai kuloci ne kaɗai, a giya ta biyu, otomatik ba a tura ta.

In kuma ƙara ɗaya ka ji, tak, shikenan, ga fitilu da haskensu tar, toh zargi ya koma kan kik, wato na'urar da ke juya inji in an murɗa ki, wannan aikin mai wayarin ne. In shiru ne gaba ɗaya a otomatik, taka birki ka mayar da giya N ka sake gwadawa.

Sai wadda inji ke juyawa lafiya lau amma ya ƙi kamawa. Kar ka yi ta murɗa ki, daƙiƙa 10 ya isa, huta kamar minti ɗaya, in ba haka ba ka ƙarar da batir ka ƙona kik. Murɗa ki zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ka saurari baya wajen tanki, za ka ji famfon mai ya yi ɗan zzz na daƙiƙa biyu, in babu, duba fiyus ɗinsa. In yana yi, a duba fulogi, da kuma na'urar da ke gaya wa biren bos zafin ruwan inji, don in ta lalace mota ba ta sanin ana sanyi balle ta ƙara mai. Masu dizal ku jira fitilar hita ta mutu kafin ku ba da wuta. Zuba fetur a bakin iska kuma gobara ce, kar ma a fara.

Baƙin mai ma a kula, lambar da ke zuwa kafin W ita ce ta sanyi, 5W-30 ya fi 20W-50 saurin zagayawa da safe, a bi wanda littafin motar ya ce. In kuma ta tabbata batirin ne, duba ranar da aka ƙera sabon a jikinsa, kuma a auna maka shi a gabanka kafin ka biya.