Man da Ke Saura a Ƙasa Bayan An Ce An Tsaftace

Assalamu alaikum. Jama'a, maganata ta yau ta shafi abin da ke biyo baya idan ma'aikata sun kwashe kayansu daga wurin da ɗanyen mai ya malala, aka kuma sa hannu a takarda cewa aikin tsaftacewa ya kammala.

Ɗanyen mai ba ya tsayawa a sama. Sassansa marasa nauyi suna bin iska cikin 'yan kwanaki, masu nauyin kuwa suna tsiyaya cikin yashi har su kai zurfin da iskar oksijin ba ta isa, alhali ƙwayoyin bakteriya da ke cinye mai sai da wannan iska suke aiki da sauri. Shi ya sa a gaɓar tekun Alaska, inda jirgin Exxon Valdez ya zubar da mai a 1989, bayan fiye da shekara 20 masu bincike sun riƙa tona tsakuwa suna ganin ruwan da ya taru a ramin yana ƙyalli da maiƙo.

Misalin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na yankin Ogoni a Jihar Ribas. A 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gano cewa a wurare 49 mai ya nutsa aƙalla mita 5 cikin ƙasa. Dabarar da aka daɗe ana bi ita ce a kafce saman ƙasar, a zuba taki, a bar rana da iska su yi sauran aikin. Ciyawa takan tsiro, mai wucewa ya ga kore shar, amma kaftun bai taɓa kaiwa inda dafin yake ba. A ganina, kiran wannan tsaftacewa zalunci ne ga manomin da zai koma gonar da iyalinsa.

A ƙauyen Nisisioken Ogale da ke yankin an tarar da mai mai kaurin santimita 8 yana yawo bisa ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke shayar da rijiyoyi, sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji kuma ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Wannan ruwa mutane ke sha a lokacin. Binciken ya ƙiyasta cewa farfaɗo da yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, kuma sai a 2016 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin a garin Bodo.