Lacca: Ina hasken da porfirin ya sha yake tafiya?

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da war haka. Na san ba dukanku ne masu karatun kimiyyar sinadarai ba, to bari mu fara da jinin jikinmu. Abin da ya mai da shi ja wani sinadari ne mai siffar zobe, porfirin, da ƙarfe a tsakiyarsa. Kulorofil na koren ganye ɗan uwansa ne, sai dai shi maganiziyam ne a tsakiya.

Akwai wani porfirin da ake kira TPPS. In ka narka shi a ruwa mai ɗan asid, ƙwayoyinsa suna ɗai-ɗai, ya fi shan haske a nanomita 434, wato ma'aunin tsawon zangon haske, wanda ke nuna launinsa. Ƙara asid, ka ba shi lokaci, sai ƙwayoyin su jeru da kansu, kowace ta ɗan goce wa maƙwabciyarta, har su naɗe su zama siririn bututu. Wurin shan hasken sai ya koma wajen 490. Wani masanin kimiyya, Edwin Jelley, ya ga irin wannan a wani rini tun 1936. To me ya faru? Kuzarin hasken ya daina zama a ƙwaya guda, ƙwayoyi da yawa ne ke riƙe da shi tare. Shi ne eksiton. Da irin wannan jeri wasu korayen bakteriya ke tara ɗan hasken da ke isa can ƙasa a cikin Baƙin Teku, wanda ke arewacin Turkiyya.

Matsalar bin sawun eksiton ita ce saurinsa, da femtosakan ake auna shi. Raba daƙiƙa guda gida tiriliyan dubu, kashi ɗaya shi ne femtosakan. Ahmed Zewail, Bamisire, kan aiki da wannan ma'auni ya samu kyautar Nobel a 1999.

Ga dabarar. Walƙiyar leza ake rabawa biyu. Ta farko ta bugi samfurin ta tayar da shi, ta biyu ta biyo baya ta duba yadda shan haskensa ya canza. Ba agogo ke auna tazarar ba, madubi ne ake matsarwa: ƙara wa hasken tafiyar milimita 0.3, ka jinkirta shi femtosakan 1000. A matsar, a auna, a sake matsarwa.

Ɗalibai, ku saurara, a nan ake faɗawa rami. Kowa na son sakamako ya fito ɓaro-ɓaro, sai ya ƙara ƙarfin leza. Eksiton kuwa yawo yake a cikin bututun. In suka yi yawa, biyu su haɗu, ɗaya ya miƙa wa ɗaya kuzarinsa, rarar ta zama zafi. Kai kuma ka rubuta cewa eksiton gajeren rai gare shi, alhali cunkoson da ka haddasa ka auna. Ni dai in aka kawo min sakamakon da aka ɗauka da ƙarfi guda ɗaya, ba na karɓa. Rage ƙarfin, ka sake, ka ƙara ragewa, har sai zanen sakamakon ya daina canza siffa. Shi kansa cunkoson kar a yar da shi: saurin haɗuwarsu ne ke nuna nisan da eksiton ke iya tafiya.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.