Jawabin Maraba ga Babban Baƙo a Wajen Buɗe Baje Kolin Zane-zanen Jerin Gwano

Mai girma babban baƙonmu, ranka ya daɗe, manyan baƙi maza da mata, assalamu alaikum.

A madadin masu shirya wannan baje koli, ina yi maka barka da zuwa, tare da godiya da ka yanke wasu ayyukan domin ka duba waɗannan kwafe-kwafen zane-zanen fentin ruwa, waɗanda duk suka shafi jerin gwanon bukukuwan sarauta.

Ranka ya daɗe, kayan biki ba sa daɗewa. Kafinta ya yi wata da watanni yana haɗa keken ado, tela ya ɗinka tutoci, maƙeri ya ƙera kayan doki, amma da taro ya watse sai a kwance komai. Abin da ke saura shi ne abin da mai zane ya kama da garin launi da ruwa da ƙaro, kuma fenti ne mai saurin bushewa wanda ba ya son yawan gyara.

Muna roƙon ka ɗan tsaya a kan zane-zanen bikin da Sarkin Daular Usmaniyya Murad na Uku ya yi a Istanbul a 1582 domin kaciyar ɗansa Mehmed, wanda aka shafe fiye da kwana 50 ana yi. Ƙungiyoyin masu sana'a ne suka riƙa wucewa ta gaban sarki, kowace da aikinta a kan keke. Za ka ga masu gilashi sun ɗora tanderunsu a kan keke, suna zaune kewaye da shi suna hura kwalabe ana tafe da su. A ganina babu shafin da ya kai wannan daraja, domin mai zanen, Nakkash Osman, da almajiransa sun ba hannun ma'aikaci kulawar da suka ba rawanin sarki.

Akwai kuma jerin gwanon Sarkin Daular Rum Mai Tsarki a Turai, Maximilian na Ɗaya, wanda Albrecht Altdorfer da mataimakansa suka zana a kan fata wajen 1512 zuwa 1515. Ba a taɓa yin wannan hawan a zahiri ba, a zane kawai yake, kuma abin da ya tsira daga cikinsa yana gidan tarihi na Albertina a Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya.

Buƙatarmu gare ka ita ce ka sa baki a riƙa rubuta sunayen masu haɗa kayan bukukuwa, a kuma adana zanen aikinsu tun kafin a kwance shi.

Yanzu, ranka ya daɗe, muna gayyatarka ka yanke ƙyalle ka buɗe mana zauren. Allah Ya ja zamaninka.